Daga fom ɗin PIP zuwa makullin mota: yadda tsarin Motability yake a Birtaniya, da waɗanda ake bari a bakin ƙofa

Duk wanda ya taɓa zama da mai lalurar tafiya a Birtaniya yana taya shi cike takardun neman tallafi ya san maganar "motar kyauta" ba ta da tushe. Mun bi wannan hanya tun daga kiran waya na farko har ranar karɓar makulli, mun kuma ga ranar da ake mayar da shi, kuma abin da ke ciki haya ce. Gwamnati tana biyan mai naƙasa wani kuɗi da ake lissafawa mako-mako saboda wahalar zirga-zirga, a ƙarƙashin tallafin naƙasa da ake kira PIP. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, babban matakin wannan tallafi fam 77.05 ne a mako. Zaɓi yana hannun mai shi: ko ya karɓi kuɗinsa ya yi yadda ya ga dama, ko ya sa hannu a riƙa tura su kai tsaye ga kamfanin Motability Operations, su ba shi hayar sabuwar mota ta shekara 3. Idan aka tara, fam 12,000 da 'yan kai ke nan a cikin shekara ukun. Wa'adi yana cika, mota ta koma hannun masu ita.

Kafin 1977, abin da gwamnati take ba gurgu shi ne wata 'yar mota shuɗiya mai taya uku, Invacar, mai kujera ɗaya tak. Magidanci ba ya iya ɗaukar matarsa ko ɗansa, ga shi ta yi ƙaurin suna wajen tangaɗi idan iska ta taso. Wanda ba ya iya tuƙi da kansa kuwa ba shi da rabo sam. A 1976 aka fito da kuɗin tallafin zirga-zirga, aka ga ba za su sayi mota ba, sai Lord Goodman da Jeffrey Sterling suka jagoranci kafa Motability a 1977, aka miƙa motocin farko a 1978. Sai a 2003 aka gama kwashe shuɗɗan kekunan daga titi. A yau bankuna huɗu ne suka mallaki kamfanin da ke gudanar da hayar, wato Barclays da HSBC da Lloyds da NatWest, gidauniyar Motability Foundation kuma tana sa masa ido. Mutum sama da 800,000 ne a cikin tsarin, kuma wajen ɗaya cikin biyar na sababbin motocin da ake sayarwa a ƙasar ta nan suke bi.

Abu na farko da ya kamata mai nema ya gane shi ne Motability ba ta auna naƙasar kowa. Ma'aikatar ayyuka da fansho, DWP, ita ce mai tsaron ƙofa. Sai ta ba mutum babban matakin tallafin zirga-zirga na PIP, ko na DLA, tsohon tallafin da PIP ya gada wajen manya, idan yaro ne, ko ɗaya daga tallafin tsofaffin sojoji da suka ji rauni, sannan maganar mota ta taso. A Sikotland hukumarsu ce take biyan irin waɗannan kuɗi da nata sunayen, amma ƙofar ɗaya ce. Ba a duba albashi ko ajiyar banki wajen ba da PIP, mai aiki yana iya samu.

'Yan'uwanmu da suka zo karatu ko aiki su fara duba takardar izinin zamansu. Idan an rubuta cewa ba su da damar cin gajiyar kuɗin gwamnati, to PIP yana cikin abin da aka hana su, kuma nemansa yana iya ɓata musu takardun zama nan gaba. Wanda ya samu zama na dindindin ma sai ya kasance ya yi mako 104 a ƙasar cikin mako 156 da suka wuce, in ban da 'yan gudun hijira da aka ɗauke wa wannan sharaɗi. Lalurar kuma sai ta kai wata 3 tana damun mutum, ana kuma sa ran za ta ƙara wata 9 aƙalla.

Ana farawa da kiran waya. A tanadi lambar inshorar ƙasa, da lambar asusun banki, da sunan likitan unguwa, da kwanakin da aka yi a asibiti ko a wajen ƙasa. Ranar wannan kira ita ce ranar da ake fara lissafin kuɗi idan an dace, don haka kada a jinkirta shi da sunan sai an gama haɗa takardu. Bayan nan fom mai suna PIP2 yake zuwa, ana da wata ɗaya a mayar da shi. Idan lokaci ya ƙure, a kira a nemi ƙari kafin ranar ta wuce, yawanci suna bayarwa.

Tambayoyi biyu ne kawai suka shafi zirga-zirga a cikin fom ɗin, kuma a kansu mota take rataye. Ɗaya tana tambaya ko mutum yana iya tsara tafiya ya bi hanya, ɗayar tana tambaya nisan da yake iya takawa. Ana haɗa makin biyun. Maki 8 yana ba da ƙaramin mataki, fam 29.20 a mako a shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, wanda ba ya buɗe ƙofar mota. Maki 12 ne yake ba da babba.

Ga yadda ake raba makin takawa. Wanda yake iya wuce mita 200 ba shi da komai. Daga mita 50 zuwa 200, maki 4. Daga mita 20 zuwa 50 ba tare da sanda ba, maki 8, idan da sanda ko wani abin dogarawa ne, maki 10. Sai wanda ba ya iya wuce mita 20 ne yake samun 12. Mita 20 taku 25 zuwa 30 ne na lafiyayyen mutum, kamar tsawon manyan bas biyu. A zamanin DLA, mita 50 aka saba ɗauka a matsayin ma'auni. Da PIP ya shigo a 2013 aka sauko da shi zuwa 20, kuma zuwa 2017 mutum sama da 50,000 sun mayar da motocinsu bayan an sake auna su. Ƙafafunsu ba su warke ba, igiyar awon ce aka gajarta. Mu dai har yau ba mu ga tashar bas ko shagon da ke mita 30 daga ƙofar gidan yawancin mutane ba, kuma wanda ƙarfinsa ya ƙare a mita 30 a daure yake a gida daidai da wanda nasa ya ƙare a 19.

A ɓangaren bin hanya, wanda ba ya iya tsara tafiya yana samun maki 8. Wanda ba ya iya bin baƙuwar hanya sai da ɗan rakiya ko karen jagora yana samun 10. Wanda ko hanyar da ya saba ba ya iya bi shi kaɗai yana samun 12, kuma ta nan makafi da yawa, da masu farfaɗiya mai tsanani, da masu ciwon mantuwa suke shiga. A 2017 gwamnati ta gyara dokar don ta rage makin masu tsananin firgici da damuwar ƙwaƙwalwa, Babbar Kotu ta soke gyaran a watan Disamba na shekarar saboda wariya ce.

Inda aka fi faɗuwa shi ne wajen amsa tambayar "kana iyawa?". Doka ba ta ɗaukar mutum a matsayin mai iya abu sai ya cika sharuɗɗa huɗu: ya yi shi ba tare da haɗari ba, ya yi shi yadda ya kamata, ya iya maimaita shi duk lokacin da buƙata ta taso, kuma kada ya ɗauke shi fiye da ninki biyu na lokacin da lafiyayye zai ɗauka. Wanda ya taka mita 40 da safe ya kwana biyu yana jinya bai cika sharaɗin maimaitawa ba. Wanda yake takawa cikin azabar ciwo, yana tsayawa yana haki, bai yi yadda ya kamata ba. Amma sai an rubuta wannan ƙarara. A faɗi mita nawa, cikin daƙiƙa nawa, sau nawa ake tsayawa, me yake biyo baya, an taɓa faɗuwa ko ba a taɓa ba. A fita da mai taimako a auna ainihin nisa daga ƙofa zuwa bakin titi, kada a yi kintace, domin mutane kan ce "kamar mita 100" alhali 25 suke nufi.

Akwai wata ɗabi'a tamu da take cutar da mu a nan. An tarbiyyantar da mu idan an ce "yaya jiki?" mu ce "da sauƙi, alhamdulillah", ko da daren jiya ba a runtsa ba. Dattijuwa ba za ta iya buɗe baki ta gaya wa baƙo cewa sai an riƙe ta take shiga banɗaki ba. Ma'aikacin lafiyar da yake tantancewa, ta waya ko ta bidiyo ko ido da ido, abin da ya ji yake rubutawa. Godiya ga Allah tana nan a wurinta, bayyana gaskiyar lalura kuma ba raki ba ne. A je da wanda ya san halin da ake ciki dare da rana, a ba shi izinin ya ƙara bayani. A san kuma cewa hirar gefe ma tana shiga rahoto: yaya aka zo wurin, daga ina aka taka, ana zuwa babban kanti, ana zuwa masallaci. Amsar "eh, ina zuwa kanti" ana iya fassara ta da cewa mutum yana taka mita 200, sai fa idan ya ƙara da cewa a ƙofa ake sauke shi, yana jingine da keken kaya, minti biyar yake yi ya nemi wurin zama. Ana iya neman a naɗi muryar zaman tun kafin ranar, ana kuma iya neman kwafin rahoton, mai suna PA4, bayan an gama.

Masu ciwon da yake tashi ya kwanta suna da tasu matsalar. Ana ba da maki ne kan halin da mutum yake ciki a fiye da rabin kwanakin shekara. Mai sikila wanda ciwo yake kayar da shi kwana 10 a wata, ko motsi ba ya iya yi, yana iya tashi ba maki idan aka ɗauka sauran kwana 20 garau yake. Alhali sau da yawa akwai ciwon ƙugu na kullum, da gajiya, da sanyi mai tayar da ciwo idan an tsaya jiran bas a hunturu. Abin da yake taimakawa shi ne littafin yau da gobe na mako biyu zuwa huɗu, a riƙa rubuta abin da aka iya da abin da aka kasa kowace rana. Takardar likita mai faɗin sunan ciwo kawai ba ta da nauyi sosai. Wadda ta fi amfani ita ce ta likitan gashin ƙashi ko ma'aikacin da ya zo gida ya duba yadda ake rayuwa, domin su suke rubuta nisa da faɗuwa da kayan dogarawa. A aika kwafi, a riƙe na asali, a rubuta suna da lambar inshorar ƙasa a kan kowane shafi.

Idan hukunci ya zo ba yadda ake zato ba, akwai wata ɗaya daga ranar da ke kan wasiƙar a nemi ma'aikatar ta sake dubawa. Yawanci ba ta sauya ra'ayi a wannan mataki, amma dole a bi ta nan kafin a tafi gaba. Daga nan sai ɗaukaka ƙara da fom SSCS1, shi ma cikin wata ɗaya. Kyauta ne, kuma mutum uku ne suke zama: alƙali, da likita, da wani masanin harkar naƙasa. Wajen biyu cikin uku na ƙararrakin PIP da aka saurara mai ƙara ne yake yin nasara. Wannan adadi kaɗai ya isa ya nuna cewa awon farko yana da gyara. A zaɓi halartar zaman da kai, kada a ce su yanke hukunci kan takarda kawai, a kuma nemi taimakon ofishin Citizens Advice ko cibiyar ba da shawarar shari'a ta unguwa.

To, an samu maki 12. Sai a duba wa'adin da aka bayar, domin sai da saura wata 12 aƙalla ake karɓar mutum.

Motocin kashi uku ne. Akwai 'yan ƙanana kaɗan da ba sa cinye kuɗin makon duka, ana mayar wa mutum canji. Akwai masu cinye kuɗin duka ba ƙari. Sai mafi yawa, waɗanda ake biyan kuɗin kafin alƙalami a kansu, daga fam ɗaruruwa zuwa dubbai. Wannan kuɗi ba ajiya ba ne, ba a mayarwa idan haya ta ƙare, kuma duk shekara 3 sai an sake nemo shi. Farashi yana sauyawa duk wata uku, a Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, amma farashin ranar da aka ba da oda shi ake riƙewa ko da motar ta yi watanni ba ta iso ba. Cikin hayar akwai inshora, da sabis, da gyara, da sauya taya, da gilashi, da ɗauko mota idan ta mutu a hanya. Mai da caji kuwa daga aljihun mai haya ne.

Kada a zaɓi mota daga hoto. A je wurin dila da ainihin keken guragun ko abin dogarawar da ake amfani da shi, a naɗe shi a saka a but da hannun wanda zai riƙa sakawa kullum. A auna tsayin bakin but daga ƙasa, domin ɗaga keke mai kilo 15 sama da santimita 70 sau huɗu a rana yana kashe bayan mai jinya. A duba faɗin buɗewar ƙofa da tsayin kujera: mai ciwon ƙugu ko gwiwa yana shan wuya a mota mai ƙasa-ƙasa, mai tsallakawa daga keke zuwa kujera kuma yana shan wuya a mai tudu. A shiga a fita sau uku a jere, kuma a yi gwajin a ranar da jiki ba daɗi idan da hali. Wanda ya karɓi motar da ba ta dace da shi ba yana iya mayarwa idan da hujja, amma akwai kuɗin soke yarjejeniya da kan kai fam 250.

Gyare-gyaren tuƙi da dama kyauta ne idan an nemi a saka su tun wajen ba da oda: sandar hannu da ake turawa ta taka birki a ja ta ba da wuta, ƙwallon sitiyari ga mai hannu ɗaya, totur na ƙafar hagu ga wanda damarsa ta shanye. Idan aka bari sai tsakiyar haya, mutum ne zai biya. Na'urar ɗaga keke zuwa but da kujera mai juyowa waje suna da nasu farashin. Kafin a yanke shawara a je ɗaya daga cibiyoyin Driving Mobility a gwada kayan a kan titi tare da ƙwararru. A sanar da hukumar lasisi, DVLA, lalurar da ake da ita, za ta sa lambobi a bayan lasisi, kamar 78 na mota otomatik kawai, 20 na birkin da aka gyara, 25 na totur, 40 na sitiyari. Duk waɗannan kayan hannu sai a mota otomatik suke aiki, ita kuma ta fi mai giya tsada. Tun daga nan za a fara ganin inda tsarin ya karkace: gwargwadon nauyin lalura, gwargwadon kuɗin kafin alƙalami.

Wannan karkata ta fi fitowa fili ga wanda ba ya iya barin kekensa, sai dai a shigar da shi a kai. Irin motarsa, kamar Citroën Berlingo ko Peugeot Rifter ko Ford Tourneo Connect, ana yanke ƙasanta a sauke shi, a sa mata gangaren hawa a baya da ɗamara huɗu masu riƙe keke. Hayarta shekara 5 ce, kuma kuɗin kafin alƙalaminta dubban fam ne ko da mafi araha ce. Kamfanin da ya gyara ta yana kawo ta har gida a gwada. A auna tsayin mutum yana zaune a kekensa daga ƙasa zuwa ƙoƙon kai, a gwada da tsayin ƙofar baya, a tabbata idonsa yana ganin waje ta taga ba rufi yake kallo ba. A duba ko mai tura keken zai iya hawa gangaren, in ba haka ba a nemi injin jan keke. Ana buƙatar fili mai tsawo a bayan mota kafin a sauke gangaren, don haka a gwada a ainihin wurin da za a riƙa fakin. Ƙasan da aka sauke yana iya gogar tudun rage gudu, a bi da ita ta layin unguwa a ji. Wanda ba shi da halin biya yana iya neman tallafin gidauniyar Motability Foundation, wadda take duba samun gidan, tana kuma biyan darasin tuƙi har awa 40. A nemi tallafin kafin a ba da oda, domin ba sa biyan abin da aka riga aka saya. Akwai kuma irin waɗannan motoci da aka ɗan yi amfani da su, masu hayar shekara 3 da sauƙin kuɗi.

Ba dole mai lalurar ya iya tuƙi ba. Ana sa direba har uku a inshora. Ɗaya kaɗai ne zai iya zama ƙasa da shekara 21, kuma 'yan ƙasa da 25 ƙananan motoci marasa ƙarfin inji kawai aka yarda su tuƙa. Ana duba tarihin lasisin kowa na shekara 5. Idan babu direban da yake zaune gida ɗaya da mai lalurar, ana iya sa wa motar na'urar bin diddigi. Ƙa'idar ita ce motar ta yi aiki don amfanin mai lalurar. Ba dole yana ciki kullum ba, matarsa tana iya zuwa cefane ko karɓo magani da ita. Amma kabu-kabu, da kai saƙon abinci don kuɗi, da ara wa ɗan'uwan da ba ya cikin inshora, duk suna sa a ƙwace motar a kuma hana mutum wata. Zumunci yana sa a ji nauyin hana aro, amma idan wanda ba a rubuta ba ya yi haɗari, babu inshorar da za ta biya, kuma mai lalurar ne zai kwana a ciki.

Ranar karɓa ana zuwa da lambar sirri da aka aiko a wasiƙa, shigar da ita shi ne sa hannu. Kada a shigar sai an zagaya motar, an gwada duk gyaran da aka saka. Shekaru da dama adadin tafiyar da aka yarda shi ne mil 60,000 a shekara 3, ko 100,000 a shekara 5, amma cikin sauye-sauyen ƙarshen 2025 har da rage shi ga sababbin yarjejeniyoyi, don haka a karanta adadin da ke cikin takardar da ake sa wa hannu. Wannan ragi mutanen karkara da masu zuwa wankin ƙoda sau uku a mako zai fi taɓawa. Mai ɗaukar motar lantarki karo na farko ana kafa masa abin caji a gida idan yana da filin fakin nasa. Mai zama a bene ko gidan da ƙofarsa take bakin titi sai cajin waje, inda harajin VAT yake kashi 20 cikin 100 maimakon kashi 5 na wutar gida, ga wayar cajin da nauyi, ga wuraren da yawa ba a gina su don mai keke ba.

Abubuwa biyu suna tsayar da PIP ba tare da mutane sun ankara ba, kuma idan ya tsaya kuɗin haya ya tsaya. Kwanciya asibiti fiye da kwana 28 ga babba, da daɗewa a wajen ƙasa. Mai tafiya gida ganin dangi ko aikin Hajji ya sani cewa mako 13 ne iyaka, ko 26 idan neman magani ya je, kuma ana son ya sanar idan zai wuce mako 4.

Surutun da ake yi a jaridu ya fi karkata kan masu hawa BMW da Marsandi. A watan Nuwamba na 2025 aka cire su daga tsarin tare da Audi da Lexus da Alfa Romeo. Masu ɗaukarsu daga aljihunsu suke cika bambancin, kuɗin makon da gwamnati take biya bai ƙaru da ko peni ba. Duk da haka akwai ƙamshin gaskiya a ƙorafin, domin a lokacin hayar ba ta biyan VAT ko harajin inshora, kuma wannan rangwame yana girma da girman mota. Cire su bai dame mu ba. Kamfanin ma ba a rasa abin faɗa a kansa ba: a watan Disamba na 2018 ofishin binciken kuɗin gwamnati, NAO, ya soki tarin ajiyarsa da ta haura fam biliyan 2.6, da albashin shugabansa na lokacin da ya kai fam miliyan 1.7 a shekara guda. Abin da ya dame mu shi ne kasafin kuɗin wannan Nuwamba ya ɗora VAT na kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin kafin alƙalami, da harajin inshora na kashi 12, daga Yuli 2026. An keɓe motocin da aka gyara don masu zama a keke, kuma hakan daidai ne. Amma mai buƙatar otomatik mai tudu da babban but don kekensa mai naɗewa ba alfarma yake nema ba, kuma shi harajin zai fi kamawa.

Waɗanda aka bari a waje gaba ɗaya ba a cika jin muryarsu ba. Maƙwabta biyu, shanyewar ɓarin jiki ta kama ɗaya yana da shekara 65, ɗayan yana da 68. Na farko ya nemi PIP, ya samu mota, zai kuma ci gaba da riƙe ta har tsufansa muddin lalurar tana nan. Na biyu ya wuce shekarun fansho, waɗanda suke 66 suna hawa zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028, don haka Attendance Allowance, tallafin kula da tsofaffi masu lalura, kawai zai nema, shi kuma ba shi da kason zirga-zirga ko kaɗan. Wanda ya shiga shekarun fansho da ƙaramin mataki ma ba a ɗaga shi zuwa babba, komai lalacewar ƙafarsa daga baya. Don haka duk wanda ya haura 60 yana jin tafiya tana gagararsa, ya nema yanzu. Haka jariri mai numfashi da inji, wanda iyayensa suke yawo da tukunyar iskar oksijin da injin zuƙe majina: sai ya cika shekara 3 ake ba shi babban matakin DLA. Gidauniyar ta bi ta hannun ƙungiyar Family Fund ta samar wa wasu irin waɗannan iyalai motoci, amma taimakon jinƙai ne, doka ba ta ba su haƙƙi ba. Cikin waɗanda suka cancanta ma, wajen ɗaya cikin uku ne kawai suke ɗaukar mota. Da yawa cikin sauran kuɗin makon ne yake cika musu kuɗin wuta da abinci.

Wanda ya tsaya a maki 8 ko 10 bai tashi hannu rabbana ba. Yana samun ragin rabin harajin mota na shekara, mai babban mataki kuma ana yafe masa duka. Maki 8 a tambayar takawa yana ba da Blue Badge, shuɗin katin fakin, kai tsaye daga ƙaramar hukuma. Kuɗinsa bai wuce fam 10 a Ingila ba, fam 20 a Sikotland, kyauta a Wales, yana kuma yin har shekara 3. Tsoho mai fansho da jaririn da ake yawo da kayan asibitinsa su ma suna iya neman katin ta hanyar tantancewar ƙaramar hukuma.

Mafi ɗacin sashen hanyar shi ne ranar sake awo. Idan aka sauke mutum daga maki 12 zuwa 10, ana ba shi wajen mako 8 ya mayar da motar. Ana mayar masa da kason kuɗin kafin alƙalami na lokacin da ya rage, kuma a 2019 aka fito da tallafin fam 1,000 ga wanda ya mayar da ita lafiya lau. Ƙara kuwa takan ɗauki watanni masu yawa kafin a saurare ta. Ma'aikacin da motar ce take kai shi aiki yana iya rasa aikin kafin alƙali ya ce tun farko shi ne mai gaskiya, sannan ya koma layin oda, ya sake nemo kuɗin kafin alƙalami, a sake saka masa sandar hannu. Saboda haka fom ɗin sake awo, AR1, a cike shi kamar ba a taɓa sanin mai shi ba. Kada a rubuta "babu canji" a tsaya nan. A sake auna mitocin, a sake rubuta littafin yau da gobe, a haɗa sababbin takardun asibiti da kwafin tsohon hukuncin kotu idan akwai, a aika ta hanyar da za a samu shaidar isarwa.